Shin Ko Kun San? Abin da Ke Bambanta Tsofaffin Kekunan Tsere na Ƙarfe

Shin ko kun san rabon da a ci gasar Tour de France a kan keken ƙarfe tun 1994? Miguel Indurain ɗan Sifaniya ne ya yi wannan nasara. Daga bayansa alminiyam ya riƙe fage na 'yan shekaru, sannan zaren kabon ya zo ya kori kowa. Duk da haka har gobe akwai mahaya a Turai da Amurka da Japan waɗanda ba sa ɗaga ido su dubi keke in ba tsohon ƙarfe ba ne na tsakanin 1960 da 1990, kuma musunsu ba ya ƙarewa. Wannan ya ce na Italiya ya fi shan kwana, wancan ya ce na Ingila ya fi taushi a hanya mai gargada, wani ya rantse da na Faransa. A cikin musun akwai gaskiya, akwai kuma ji-ta-ji-ta mai yawa.

Shin ko kun san sunan da ke jikin keken zakara sau da yawa ba na wanda ya ƙera shi ba ne? Keken Indurain ɗin nan Pinarello aka rubuta masa, amma hannun Dario Pegoretti ne ya haɗa shi. Andy Hampsten ɗan Amurka ya ci Giro d'Italia a 1988 a kan keke mai tambarin Huffy, kamfanin da aka sani da kekunan kanti masu araha, alhali wani maƙeri John Slawta ne ya yi firam ɗin. Eddy Merckx kuwa, zamanin da yake ƙungiyar Molteni, sunansa ne a jikin keken ruwan lemo, amma aikin Ernesto Colnago ne da fari, daga baya Ugo De Rosa ya karɓa.

Ko kun san duk ƙarfen da ake yin firam da shi, mai tsada da mai araha, taurinsa ɗaya ne? A ɗauki bututu biyu masu faɗi ɗaya da kaurin bango ɗaya, guda na Reynolds 531, guda na ƙarfen gama-gari, a ɗora musu nauyi iri ɗaya. Gwargwadon yadda wannan ya rusuna, haka wancan zai rusuna. A ma'auni ma nauyinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne juriya: mai kyau sai an matsa masa ƙwarai kafin ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, ko ya tsage. Wannan juriyar ce ke ba maƙeri damar rage kaurin bango, keke ya rage nauyi. Saboda haka firam mai tsada, da yake bangonsa siriri ne, shi ya fi bayarwa a ƙarƙashin mahayi, ba mai araha ba. Wannan ɗan bayarwar ce masoya ƙarfe ke nufi in sun ce keke yana da rai.

Dabarar rage bangon tsohuwa ce. A 1897 Alfred Reynolds na Birmingham da abokin aikinsa Hewitt suka yi rajistar hanyar yin bututu mai kauri a bakinsa biyu, inda wuta za ta taɓa, siriri a tsakiya, inda ba a bukatar ƙarfi sosai. Daga waje ido ba ya ganin komai. Columbus SL na Italiya milimita 0.9 ne a baki, 0.6 a tsaka. Ɗan'uwansa SP, wanda ake yi wa dogaye da masu jiki, 1.0 da 0.7 ne. Tange Prestige na Japan ya sauko har 0.7 da 0.4. In takardar shaidar bututu da ke manne a firam ta goge, a zare sandar sirdi a karanta lambarta. In 27.2 ce, bangon siriri ne, ƙarfen mai kyau ne. In tana tsakanin 25.4 da 26, ƙarfen kasuwa ne mai nauyi. Na Faransa ne ke rikita wannan lissafi, don bututunsu ya ɗan fi ƙanƙanta, mai kyau a wurinsu 26.4 ko 26.6 yake ɗauka.

Kun san kuwa Reynolds 531, wanda ya fito tun tsakiyar shekarun 1930, har a ƙirjin motar Jaguar E-Type an sa shi? Columbus, wanda Angelo Luigi Colombo ya kafa a Milan a 1919, ya taɓa yin kujerun ƙarfe kafin sunansa ya koma na keke kacokan. Peugeot kuma, wadda muka sani da 504 da 505 na Kaduna, tun 1882 take ƙera keke, kafin ta fitar da motarta ta farko.

Shin ko kun san akwai bututun da kamfani ba ya sayar wa maƙeri sai ya ci jarrabawa? Reynolds 753 ke nan, na tsakiyar shekarun 1970. Yawancin firam na wancan zamani ba walda ake musu ba. Ana zura bakin bututu ne cikin wata gaɓar ƙarfe, a hura wuta har wurin ya yi ja, sannan a narka tagulla ta kwarara ta cike tsakani. Tagulla sai wajen digiri 900 take narkewa, 753 kuwa an riga an gasa shi a masana'anta, irin wannan zafi kashe masa juriya yake yi. Dole sai da azurfa, wadda ke narkewa ƙasa da digiri 700, kuma sai maƙeri ya aika wa Reynolds samfurin aikinsa an gwada. A kan irin wannan firam, wanda sashen Raleigh na musamman da ke Ilkeston ya ƙera, Joop Zoetemelk ɗan Holan ya ci Tour de France a 1980. Duk wanda ya mallaki firam mai siririn bango ya kiyaye kai shi wurin mai waldar lantarki ta bakin titi, nan take za ta huda shi.

Ko kun san faɗin bututu ya fi irin ƙarfensa tasiri nesa ba kusa ba? Shekara da shekaru sandar sama inci ɗaya ce, wato milimita 25.4, ta ƙasa da ta sirdi kuma 28.6. In aka mayar da sandar sama 28.6 ba tare da taɓa bango ba, nauyinta ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, taurinta kuwa da fiye da kashi 40. Da wannan lissafi aka shiga yayin bututu masu faɗi a ƙarshen shekarun 1980, irin su Columbus MAX da ke jikin Merckx MX Leader, keken ƙarti. Sai dai tauri ba shi ne gudu ba. Sean Kelly ɗan Ayalan ya ci Paris–Nice sau bakwai a jere, daga 1982 zuwa 1988, kuma mafi yawan shekarun nan a kan Vitus 979 yake, firam ɗin alminiyam da ya yi suna wajen laushi.

Shin ko kun san an taɓa gwada wannan musu a rufe? A 1996 mujallar Bicycle Guide ta Amurka ta sa maƙerin Italiya Mondonico ya yi firam bakwai, girma ɗaya, fasali ɗaya, fenti ɗaya, kaya iri ɗaya, kowanne da irin bututun Columbus daban, daga mafi araha zuwa mafi tsada. Aka cire takardun shaida, aka ba gogaggen marubucinta Alan Coté ya hau. Bambancin da ya ji kaɗan ne ƙwarai, kuma ya kasa jera su daidai da farashinsu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A ganina wannan gwaji ya isa ya sa mai saye ya daina kallon takarda, ya koma kallon fasali.

Fasalin kuwa daga wuya yake farawa. Ku dubi keke daga gefe. Bututun wuya, wanda fok ya ratsa ta cikinsa, ba a tsaye cak yake ba, ya ɗan kishingiɗa baya. In aka ja layi ta tsakiyarsa har ƙasa, layin zai sauka gaban inda taya ta taɓa ƙasa. Wannan 'yar rata ce ke sa tayar gaba ta riƙa miƙewa da kanta, ita ke ba yaro damar sakin hannu yana tafiya. Keken tsere na gargajiya wuyansa digiri 73 ne, lanƙwasar fok ta tura taya gaba da milimita 45, ratar ta kama wajen 56. A ƙara wa wuyan digiri ɗaya tak, ratar ta ragu da kusan milimita 6, kuma hannun mahayi zai ji a kwanar farko. Rata mai yawa tana ba da natsuwa a gangara da gudu mai tsanani, amma in ana tafiya a hankali kan keken yakan so faɗawa gefe. Rata kaɗan tana sa keke jin linzami, da ka taɓa ya juya, sai dai yana son mai hankali a kansa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne fok ɗin da ya fi lanƙwasa gaba rage ratar yake yi, ba ƙara ta ba. Maƙeran Faransa René Herse da Alex Singer sun san haka sarai. Kekunansu na doguwar tafiya, irin na masu Paris–Brest–Paris mai kilomita 1,200, ana ɗora musu jaka a gaba, don haka suka rage ratar zuwa tsakanin 30 da 40, nauyin jakar ya cike gurbin. A cire jakar, a sa siririyar taya, wani zai hau ya ce keken ba shi da natsuwa, alhali an raba shi ne da aikin da aka yi shi dominsa. Wanda ya taɓa hawan Raleigh mai birkin sanda, wanda har a Kano an haɗa shi, ya san ɗaya ƙarshen. Wuyansa bai kai digiri 70 ba, tsakanin tayoyinsa ya fi na keken tsere da fiye da santimita 10. Shi ya sa yake tafiya ɗoɗar da buhu a kariya, shi ya sa kuma ba ya son kwana mai kaifi.

Daga baya ma akwai magana. Ƙafafun da suka tashi daga gindin feda zuwa tayar baya santimita 40.5 zuwa 41.5 ne a keken tsere, 44 zuwa 45 a na ɗaukar kaya irin Miyata 1000. Gajere yana zabura da ka taka, amma tayar baya na ƙarƙashin sirdi, duk ramin da ta faɗa sai ƙugu ya ji. Gindin fedar kansa in ya sauka milimita 75 zuwa 80 ƙasa da layin tsakiyar tayoyi, keke yakan zauna daram a kwana. Masu tseren zagayen cikin gari na Amurka sun fi son a ɗaga shi, a miƙar da wuya zuwa 74 ko 75, don su ci gaba da taka feda a tsakiyar kwana ba ta karci kwalta ba. Mutane da dama na tsammanin haka na Italiya suke. A'a. An yi su ne don tseren kwanaki, awa shida ko bakwai a sirdi, da gangaren duwatsun Alps, kuma Colnago musamman natsuwa aka san shi da ita. Shi ne ma ya fito da miƙaƙƙen fok a ƙarshen shekarun 1980. Daga kafaɗar fok ɗin aka karkatar da ƙafafun, taya ta tsaya inda take, tuƙi bai canza ba.

Shin ko kun san taushin da ake yaba wa ƙarfe, yawancinsa aikin taya ne? Firam alwatika biyu ce a haɗe, kuma alwatika ba ta lotsawa. Abin da take bayarwa sama da ƙasa bai taka kara ya karya ba, taya kuwa nitsewa take yi milimita da dama a kowace gargada. Bayan taya sai siraran ƙafafun fok, da sandar sirdi, da sirdin kansa, musamman na fata irin Brooks B17. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci game da tsohon keke ita ce: taya mai faɗin nawa za ta shige shi? Na shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, masu birki mai dogon hannu irin Mafac Racer da gurbin madigadi, suna ɗaukar milimita 32 ba gardama. Na ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka yarda cewa siririyar taya mai iska tam ita ce gudu, da ƙyar suke ɗaukar 25. Da za a ajiye mini Peugeot PX-10 na farkon shekarun 1970 mai taya 32, da Colnago Master mai taya 23, a ce hanyar da zan bi tana da faci da ramuka, Peugeot zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba, ko da kuwa Master ya ninka shi kuɗi. A kwalta sumul ne Master ke nuna kansa. Mai keken da ke da wili na inci 27 ma yana da wata dama. Faɗin wannan rim milimita 630 ne, na 700C kuwa 622. In birki zai iya sauka da milimita 4, a canza wili a sami ƙarin wurin taya, a kuma huta da neman tayar da ta yi wuyar samu.

Ko kun san dogon firam mai siririn bututu yakan kama makyarkyata a gangara? Kan keken ya shiga kaɗawa hagu da dama da sauri, kuma ƙara damƙe shi ƙara tsananta abin yake yi. Maganinsa a take shi ne a matse sandar sama da gwiwoyi, ko a ɗan ɗaga daga sirdi. Wannan ne dalilin da maƙera suka riƙa sa wa dogayen mahaya SP a maimakon SL.

Na Faransa daɗin hawa ne da su, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Komai nasu da ma'aunin kansu yake. Sandar kan keke 22.0 ce, ta sauran duniya 22.2. Zaren feda daban, zaren gindin feda daban. Na Ingila sun juya zaren ɓangaren kaca zuwa hagu don kada taka feda ta kwance shi, Faransa da Italiya kuwa suka bar shi dama, sai an ɗaure shi tamau. Na Japan su ne aka daɗe ana raina wa. A 1964 SunTour ta Japan ta yi rajistar wani fasalin na'urar canza giya da ya fi na Campagnolo ta Italiya aiki a kan kuɗi kaɗan, kuma da wa'adin rajistar ya ƙare a 1984 kusan kowa ya kwaikwaya. Miyata da kanta take yin bututunta. Maƙeri Nagasawa, wanda ya koyi sana'a a wurin De Rosa, shi ya yi wa Koichi Nakano kekunan da ya ci kambun duniya na gajeren tsere da su, kuma Nakano sau goma a jere ya ci, daga 1977 zuwa 1986. Har yau a Japan tseren keirin na maza, wanda aka fara a 1948, a kan ƙarfe ake yin sa. In kun ci karo da Miyata ko Panasonic ko Bridgestone na shekarun 1980 a wurin masu gwanjon kekuna, kada ku wuce shi don ba sunan Italiya a jikinsa.

Shin ko kun san keken ƙarfe ya taɓa sauka ƙasa da kilo 6? Wanda Colnago ya yi wa Merckx ke nan, aka bi kayansa da huji don rage nauyi. A kansa, ranar 25 ga Oktoba 1972 a birnin Meziko, ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya, bajintar da ba a karya ba sai 1984. Amma na fili ne, ba birki, ba giya. Keken tsere na hanya a lokacin kilo 10 ne ko kusa da haka.

Ko kun san ƙarfe ba ya yin laushi don tsufa? Tsofaffin 'yan tsere sun daɗe suna cewa firam yakan mutu bayan shekara biyu ko uku, amma taurin ƙarfe ba ya canzawa da shekaru. Tsatsa da haɗari ne ke kashe shi, kuma duka biyun suna barin shaida. A durƙusa gaban keken, a sa ɗan yatsa a ƙarƙashin bututun ƙasa, daidai bayan gaɓar wuya, a shafa a hankali. In an ji wani ɗan tudu kamar jijiya, ko aka ga fenti ya yi tsagu a zagaye a wurin, keken ya taɓa yin karo da gaba. Wuyansa ya miƙe fiye da yadda aka yi shi, tayar gaba ta matso kusa da firam, tuƙinsa ba zai koma daidai ba sai an canza bututu. Sannan a ɗaura zare a maƙalin tayar baya na dama, a zagayo da shi ta wuya, a dawo maƙalin hagu, a auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In sun bambanta da fiye da milimita biyu ko uku, bayan ya karkace. Wannan kam yana gyaruwa, don ƙarfe yana yarda a miƙar da shi da sanyi, har a buɗa bayansa daga milimita 126 zuwa 130 ya karɓi wili na zamani, in dai ba gasasshe ba ne irin 753. Kafin a biya kuɗi a kwance sandar sirdi a ga tana motsi. Alminiyam da ya shekara cikin ƙarfe babu giris yakan manne har sai an yanka. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli kuma a canza shi da na alminiyam, don in ruwa ya taɓa shi birki ba ya kamawa.

Kun san akwai taron da ba a shigarsa sai da irin waɗannan kekuna? L'Eroica ke nan, wanda Giancarlo Brocci ya fara a 1997 a garin Gaiole na yankin Chianti, da mahaya 92. Sharaɗi shi ne keke ya zama na 1987 ko kafin nan, makunnin giya a jikin bututun ƙasa, feda mai maɗaurin ƙafa, wayar birki a waje. Doguwar hanyar ta haura kilomita 200, kuma babban ɓangarenta farar tsakuwa ce.

Shin ko kun san lamba 56 ba girma ɗaya ba ce a ko'ina? Yawancin maƙeran Italiya daga tsakiyar gindin feda zuwa tsakiyar sandar sama suke aunawa, na Ingila kuwa har zuwa ƙarshen bututun sirdi, kuma da inci. Tsakanin awon biyu akwai kusan santimita ɗaya da rabi. A wancan zamani ana zaɓar firam babba, sandar sirdi ta leƙo da kamar faɗin dunƙulen hannu kawai, abin da ke ɗaga kan keke kusa da tsayin sirdi ya sauƙaƙa wa baya da wuya. Tsohuwar sandar kan keke ba ta ɗaguwa sosai, akwai layin da aka zana mata wanda ba a wuce shi, don haka firam da ya yi wa mutum kaɗan ba ya gyaruwa. A je kasuwa da tef ɗin awo, a auna tsawon sandar sama tun kafin a tambayi kuɗi.